La'ada Babu Lamuni: Abin da Kunne ke Ji a Kasuwar Motocin Kwatano

Da wuya a yau ka sami ma'aikaci a ƙasar nan, ko malamin jami'a ne ko likita ko lauya ko ma'aikacin banki, wanda zai bugi ƙirji ya ce shi ya ɓare motarsa daga leda. Kusan dukkanmu 'yan gwanjo ne, sai dai wani gwanjon ya fi wani ƙyalli. Iyayenmu da suka yi aikin gwamnati a shekarun 1970 suna ba da labarin yadda mutum kan gama jami'a, a ba shi bashin mota, ya je ya ɗauko Fijo 504 sabuwa dal, wadda aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. A lokacin ana harhaɗa Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, manyan motocin Fiat kuma a Kano. Tun daga 1986, da gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu, darajar Naira ta kama gangara, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, muka koma jiran abin da Turawa suka hau suka gaji. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari nahiyar Afirka aka kawo su, Nijeriya tana cikin na gaba-gaba wajen karɓa.

Ba na ganin aibu a sayen abin hannu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya je neman mota mai shekara goma sha biyu bai je da tsammanin samun amarya ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda mutum zai wuni a wurin masu sayar da mota, a yi masa magana buhu-buhu, ya fito ba tare da jimla ɗaya da zai iya kama wani da ita ba. Da yake nazarin harshe ne sana'ata, makonni ukun da na yi kwanakin baya ina zagaya wuraren sayar da mota a Kano da Kaduna, da ɗan rancen da na samo daga ƙungiyar taimakon kai da kai ta wurin aikinmu, sun zame mini kamar aikin bincike, ko da yake ba don haka na fita ba.

Bari mu fara da sunan hajar kanta. Yarabawa suna ce mata tokunbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku, suna ne da asali ake raɗa wa yaron da aka haifa a ƙasar waje. Wasu suna cewa 'yar Beljiyom, saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp da kuma wata unguwa a Brussels da ta shahara da tara tsofaffin motoci domin turowa Afirka ta Yamma. Mu kuma a nan Arewa muka ce kwatano, domin shekara da shekaru a tashar Kwatano ta Jamhuriyar Benin ake sauke su, a rubuta cewa Nijar za su, a bi da su ta Gaya zuwa Ƙonni ko Maraɗi, daga nan su sulalo mana ta Illela ko Jibiya ko Maigatari. Mai karatu zai lura cewa sunayen nan uku duk hanyar da motar ta biyo suke faɗa, babu wanda ya ce komai game da lafiyarta. Amma a kunnen mai saye kalmar kwatano ta riga ta zama shaidar inganci, har ana bambanta ta da "ta gida", wato wadda aka riga aka hau a titunanmu. Da kalma ta yi daraja irin haka kuwa, sai a fara yi mata jabu. Mota ta shekara uku tana zirga-zirga tsakanin Zariya da Funtuwa, a cire mata lamba, a wanke inji da kalanzir, a liƙa wata takarda mai rubutun Turanci a gilashi, a zana lambobi da farin alli, shi ke nan ta koma "saukar jiya".

A wuri na farko da na shiga, tun kafin in rufe ƙofar Keke Napep mutum huɗu suka yi mini caa. Wannan ya ce Alhaji, wancan ya ce Yallaɓai, na ukun da ya hango katin aiki a aljihuna ya ce Dakta, kafin mu kai bakin rumfa an yi mini ƙarin girma zuwa Farfesa. Babu ko ɗaya cikinsu da yake da mota a wurin. 'Yan kayi-nayi ne, kowanne yana so a ce shi ya kawo ni. Na nuna wata Toyota Corolla na tambayi kuɗinta, sai aka ce, "Ranka ya daɗe, ka duba tukuna, kuɗi ba zai raba mu ba." Na sake tambaya, aka ce mai motar ya tafi masallaci. Da ya dawo sai ya zamana shi ma ba shi ne mai ita ba, ajiya aka kawo masa, mai ita yana Abuja, sai an buga waya. Kafin la'asar na ji farashi uku a kan mota ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin na sama da na ƙasa ta haura albashina na wata biyu.

Wannan duk mai sauƙi ne, domin ciniki gadonmu ne: ka taya, a ce albarka, ka ƙara, a sallama. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da ka fara tambaya game da motar. Na ce, "Alhaji, ta taɓa yin haɗari?" Ya ce, "Haba Dakta, dubi jikinta mana, fes take." Na ce, "An taɓa buɗe injin?" Ya ce, "Tayar ka ji, ko agogo albarka." Na ce, "Wannan nisan tafiyar da ta nuna, na gaskiya ne?" Ya ce, "Wata tsohuwa ce ke hawanta a can, daga gida sai coci." A wuri na biyu tsohuwar ta zama likita, a na uku ta zama Hajiya matar wani babban sakatare, wadda ba ta fita sai ranar biki. Da alama duk motocin da ke kasuwa mutanen da ba sa zuwa ko'ina ne suka hau su.

Wani masanin falsafar harshe ɗan Ingila, Paul Grice, ya yi bayani a wata maƙala da aka buga a 1975 cewa zance tsakanin mutane yana tafiya ne bisa wata yarjejeniya da ba a furtawa: mai sauraro yana ɗauka cewa mai magana zai faɗi gaskiya, zai faɗi gwargwadon abin da ake bukata, zai tsaya kan abin da aka tambaya, kuma ba zai yi nuƙu-nuƙu ba. Saboda wannan yardar ne idan na tambaye ka ko mota ta yi haɗari ka ce mini fes take, sai in fahimci a'a kake nufi. Gwanin dillali ya san da haka sarai. Yana kiyaye sharaɗin farko a zahiri, domin motar fes ɗin take, an yi mata fenti shekaranjiya. Sauran sharuɗɗan yake karyawa, ya bar ka kai da kanka ka ƙarasa ƙaryar a zuciyarka. Ranar da ka dawo da ƙorafi zai ce, "Ni na ce maka ba ta yi haɗari ba?" Kuma bai faɗa ba.

Hausa kuwa ta tanadar masa kayan aiki masu kyau. Akwai wakilin sunan nan "an", wanda ke ɓoye mai aiki: an ɗan taɓa ta. Wa ya taɓa ta, yaushe, da me? Akwai "ɗan" na ƙanƙantarwa, wanda ke mayar da karon da ya naɗe gaban mota ya zama ɗan gogewa. Akwai amsa-kama, irin su garau da fes da tsaf da ƙalau, masu cika kunne amma babu alƙalin da zai iya auna su. Sai kuma aron Turanci da aka yi wa kwaskwarima. "Fes bodi" asalinsa fentin kamfani ne da ba a taɓa ba, amma na ga motar da aka kira haka, bakaniken da na tafi da shi ya ɗora ɗan maganaɗisu a ƙofarta ya zame ya faɗi, saboda kaurin bodi fila da ke ƙarƙashin fentin. Hatta laƙabin da ake yi wa motocin talla ne: Honda Accord ta 2003 ita ce End of Discussion, wato magana ta ƙare, wadda ta biyo ta aka ce Discussion Continues, ta 2008 kuma Anakonda, Camry tana da Big Daddy da Muscle. Wanda ya fi ba ni dariya shi ne indomi, sunan da bakanike ke kiran abin tace hayaƙin da ke cikin salansa, saboda cikinsa ya yi kama da taliyar. Yana ɗauke da ƙarafa masu tsada, don haka sau da yawa akan fasa a kwashe shi kafin motar ta iso hannun mai saye. Fitilar gargaɗin da ya kamata ta tona asiri kuma akan cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin salatif ta ciki.

Abin da ya fi wannan muni shi ne jakar iska. Kaso mai yawa na motocin da ake kawowa daga Amurka a wuraren gwanjon kamfanonin inshora ake sayensu, irin su Copart da IAA, wato motoci ne da suka yi haɗari ko ambaliya ta shanye su, kamfanin inshora ya ga gyaransu bai cancanci kuɗin ba. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 dubban ɗaruruwan motoci ruwa ya lalata, kuma irin waɗannan ba duka ake murƙushewa ba. Gyara motar da ta yi haɗari a sayar ba laifi ba ne idan an faɗa. Amma idan jakar iskar ta riga ta fashe, aka ɗinke murfin sitiyarin aka mayar babu komai a ciki, to mutum zai ɗauki iyalinsa ya hau hanyar Kaduna zuwa Abuja yana zaton yana da kariyar da babu ita. A nan maganar ta wuce asarar kuɗi.

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan ciwo. A 1970 George Akerlof ya rubuta wata maƙala a kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Hujjarsa mai sauƙi ce. Mai sayarwa ya san halin motarsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba ya iya bambance ta kirki da ruɓaɓɓiya, ba zai yarda ya biya kuɗin ta kirki ba, sai ya taya tsaka-tsaki. Mai ta kirki ya ga an yi masa tayin wulaƙanci ya janye, kasuwa ta rage saura masu ruɓaɓɓu. Na ga wannan da idona a Kaduna, wurin wani dattijo da ya nuna mini hotunan motarsa tun tana Amurka, ya nuna mini ƙofar da aka canja, ya faɗi kuɗinsa. Motar ta wata biyar a rumfarsa. Ya ce da ni, "Malam, duk wanda na gaya wa gaskiya sai ya tsallaka can inda za a ce masa ba a taɓa ta ba." Ke nan mu masu saye muna da namu kason, domin mun fi son a yi mana daɗin baki, kuma araha ba ta ado.

Abin takaicin shi ne, Bahaushe ya riga Akerlof gano maganin wannan matsala, kuma maganin shi ne dillali. A kara, dillalin shanu shi ne wanda ya san mai dabba, ya tsaya masa cewa ba ta sata ba ce, idan kuma magana ta taso bayan ciniki shi ake nema. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a Ibadan ya fitar da littafinsa a 1969, ya nuna yadda fataken shanu daga Arewa ke ba mahautan Kudu dabbobi bashi ba tare da takarda ba, saboda maigidan da ya sauke su da dillalansa sun tsaya a tsakani, kuma maigidan ya san in aka ci amanar baƙonsa sunansa ne ya zube. La'ada a wancan tsari kuɗin lamuni ce, ana biyan mutum ne domin ya jingina mutuncinsa. A kasuwar mota an riƙe la'adar an yar da lamunin. Ranar biya za ka ga hannuwa biyar, har da wanda aikinsa kawai ya buɗe maka bonet, amma bayan mako guda da giya ta fara fizga, lambobin wayarsu duk ba sa shiga, mai rumfar kuma ya ce shi wuri kawai ya bayar.

Ba kuma za a ce addini bai yi magana ba, tunda yawancin masu wannan sana'a a garuruwanmu Musulmi ne, da rantsuwa ake buɗe ciniki da ita ake rufewa. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya san an hana ɓoye aibin haja, kuma wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da zaɓin mayarwa. Malamai suna kawo misalin mai ɗaure hantsar akuya ko raƙuma kwana biyu ba a tatsa ba, domin mai saye ya zaci mai yawan nono ce. Shari'a ta ba wanda aka yi wa haka damar mayar da ita. Ban ga bambanci ba tsakanin wannan da zuba baƙin mai mai kauri a inji domin ya danne ƙara da hayaƙi na kwana uku, ko mayar da agogon tafiya baya da na'ura. Haka nan an hana mutum ya taya abin da ba saye zai yi ba don kawai ya zuga wani. Sau biyu ina tsaye wani ya zo da gaggawa yana cewa ya kawo kafin alƙalami a kan ainihin motar da nake dubawa, kuma na sake ganin mutumin a rumfar bayan kwana huɗu yana shan shayi, motar tana nan inda take.

Sai batun takardu, wanda shi kaɗai ya isa maƙala. Daga farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, a watan Agustan 2019 ta rufe iyakokin har zuwa Disambar 2020, kuma a 2019 ɗin jami'an kwastan suka bi wuraren sayar da motoci a manyan birane suna garƙamewa. A 2022 aka shigo da tsarin ƙiyasta kuɗin fito ta lambar jikin mota, har masu fiton kaya a Legas suka yi yajin aiki. Bayan an saki Naira a watan Yunin 2023, Dalar da gwamnati ke lissafawa a kan Naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024, kuɗin mota da kuɗin fito suka bi ta. Dillalan suna da gaskiya idan suka ce su ma wuta suke sha. Sai dai duk lokacin da fito ya yi tsada, jarabar kauce masa takan ƙaru, kuma "takardunta cikakku ne" jimla ce da ba ka sanin gaskiyarta sai ranar da aka tare ka a hanya, aka ce an biya fito amma bai cika ba, ko lambar da ke takardar ta wata motar ce. A ranar kai ne mai laifi, da iyalinka a gefen titi cikin rana.

To mene ne abin yi? Ni dai abin da na gani shi ne a fitar da maganar daga baki a sa ta a takarda, domin amsa-kama ba ta rubutuwa a yarjejeniya. A Amurka, tun 1985 doka ta wajabta wa dillalin tsohuwar mota ya liƙa takarda a gilashinta mai bayyana ko akwai garanti ko babu, kuma tun 1972 mayar da agogon tafiya baya laifi ne a dokar tarayyarsu. Mu ma muna da dokar gasa da kare haƙƙin mai saye wadda aka sa wa hannu a farkon 2019, da hukumar FCCPC da aka ɗora wa aiwatar da ita, kuma dokar ta hana yaudarar mai saye game da haja. Amma mai ƙorafi da me zai je gaban hukuma, da "fes take"? Motar da aka ƙera daga 1981 yawanci tana da lamba mai harufa da alƙaluma 17 a gindin gilashin gaba, kuma idan daga Amurka ta fito, da wannan lamba ana iya ganin tarihinta a intanet, sau da yawa har da hotunan ranar da aka yi gwanjonta. Na duba motoci shida ta wannan hanya, huɗu na gan su a yamutse, ɗaya kuma nisan tafiyar da aka rubuta mata a can ya ninka wanda agogonta ke nunawa a nan.

Daga nan na ɗauki dabarar zuwa da 'yar takarda mai tambayoyi biyar da Hausa, kowacce amsarta i ko a'a: ta yi haɗari, ruwa ya shanye ta, an taɓa agogo, jakar iska tana nan, an biya fito cikakke. A ƙasa akwai wurin sa hannu, da sharaɗin cewa in ɗaya ta zama ƙarya cikin mako biyu za a karɓi mota a mayar da kuɗi. Mutum bakwai na miƙa wa. Uku sun yi dariya, biyu sun ce na zo da boko, ɗaya ya ɓata rai ya ce ina zarginsa alhali ya rantse mini. Dattijon nan na Kaduna ne kaɗai ya karanta, ya rubuta i a tambayar farko, ya gyara mako biyu ya mayar kwana goma, ya sa hannu, ya kira maƙwabcinsa ya yi shaida.

Ƙungiyoyin masu sayar da motoci da ke kowane babban gari suna da shugabanni, suna karɓar kuɗin rajista, suna sasanta rigima tsakanin 'ya'yansu. Buga irin wannan takarda da tambarinsu, da wajabta wa kowace rumfa ta cike ta kafin a karɓi la'ada, ba zai ci musu kuɗin tayar mota ɗaya ba, kuma ba sai sun jira majalisa ta zauna ba.